Furodusan Hawa na Biyu

Mai Fenti ya shigo gida da wani ɗan kwali a hammata, yana taku kamar wanda aka naɗa minista a hanya. Aikinsa haɗa fenti ne a wani kanti da ke bakin babban titi, kuma ko a can an san shi da baki. In ka ce shuɗi kake so, sai ya ba ka tarihin shuɗi tun daga kakanninsa kafin ya buɗe gwangwani.

"Malama, share tebur," ya ce wa matarsa. "Daga yau duk wanda ya zo neman Mai Fenti, ki ce ya tashi daga unguwar. Furodusa ne a gidan nan."

Matar tasa malamar makaranta ce, tana zaune tana shirya darasi a kwamfutarta. Ta leƙa kwalin. Wani ɗan baƙin akwati ne a ciki, bai fi sabulun wanki girma ba, da maɓallai da 'yar koriyar fitila. Ga makirufo, ga abin sawa a kunne.

"Maigida, wannan kuma caja ce?"

"Caja! Situdiyo ce sukutum. Intafes ake ce masa. Ki jona makirufo ta nan, ki jona kwamfuta ta can, murya ta shiga ta fito tas kamar ta gidan rediyo. Manyan mawaƙa da irinsa suke aiki, sai dai su an cuce su a farashi. Ni kuwa a arha na tsince shi."

"Wace kwamfutar za a jona?"

Ya kalli tata. Ta rungume abarta.

"Aro zan yi, Malama, ba haɗiyewa ba."

A ƙarshen makon suka je gaida Baba, mahaifin Malama, wanda ya tsufa yana sayar da katifa. Ana cikin cin abinci Baba ya ce zai buɗe sabon shago, har ya yi hayar motar talla mai lasifika. Saura ya je situdiyo a yi masa waƙa.

Mai Fenti ya ajiye cokali. "Baba, kuna da ni a gida za ku kai aiki waje?"

"Ɗana, ba fenti za a shafa wa waƙar ba."

"Ai duk haɗi ne, Baba. Mutumin da ke haɗa ja da rawaya ya fitar da kalar lemo, murya da kiɗa ne za su gagare shi?"

Malama ta take masa ƙafa ta ƙarƙashin tebur.

"Kun gani ko, Baba? Ba a fara ba ma, ƙafar 'yarku ta soma bin kiɗa."

Baba ya daɗe yana kallonsa. "Duk abokan sana'ata za su zo. Kada ka sa in rasa inda zan sa fuskata."

"Baba, ranar nan ko wanda yake barci a tsaye sai ya sayi katifa."

Washegari ya jona komai a ɗakin baƙi, ya sa abin kunne, ya murɗa maɓalli har ƙarshe. Sai wani ƙugi ya cika masa kai, kamar ƙudan zuma sun tare a cikin kunnensa.

"Firji ne," ya ce. Ya kashe firji. Ƙugi na nan. Ya kashe fanka, ya zare talabijin, ya cire cajar wayar Malama. Ƙugi ko gezau.

"To ba daga gidan nan ba ne. Maƙwabta ne."

Gidan nasu bene ne, su suna hawa na biyu. Ya sauka ƙasa wajen Tela, wanda shagonsa ke bakin ƙofa, mutum mai zaƙin murya da ba ya ɗinki sai da waƙa.

"Maƙwabci, kashe keken nan. Yana shiga mini situdiyo."

"Keken ƙafa ne fa. Ba ya shan wuta."

"To ƙafarka ce ke shiga. Tsaya cak."

Daga nan ya haura sama ya buga ƙofar Nas, wadda ta dawo daga asibiti ta samu ta ɗan kwanta. Ta buɗe da ido ɗaya.

"Anti, don Allah firjinki..."

"Wani ne ba lafiya?"

"Sauti ne ba lafiya."

"Kawo shi in yi masa allura," ta ce, ta rufe ƙofa har sai da gashin girarsa ya motsa.

Ya sauko ya ƙwace rediyon Mai Gadin gidan ya zare batir. Ya dawo yana haki, ya mayar da abin kunne. Ƙugin ma kamar ya ƙara ƙiba. Haushi ya kama shi, ya dafa akwatin da niyyar ya yi jifa da shi. Yana taɓa ƙarfen, ƙugin ya ɗauke ɗif. Ya ɗaga yatsa, ya dawo. Ya mayar, shiru.

"Malama! Zo ki ga ikon Allah! Ya san maigidansa!"

"Wato haka za ka zauna riƙe da shi?"

"Haka manyan furodusoshi suke yi. Ba ki ganin kullum hannunsu na kan na'ura?"

"To ɗaya hannun ya je ya kunna mini firji. Kifina ya fara gaisawa da mutanen titi."

Da aka gama da ƙugi sai ya lura makirufon yana kwaso duk abin da ke titi: hon ɗin motoci, mai gyaran takalmi, har tarin Mai Gadi. Bai yi wata-wata ba ya wuce sito ɗin Baba, ya ce wa mai tsaron wurin Baba ne ya aiko shi. Ya lodo sababbin katifun da aka tanada don ranar buɗe shago. Ya jingina su a bango, ya toshe taga da ɗaya, ya tokare ƙofa da ɗaya. Ɗakin baƙi ya koma kamar cikin burodi.

"Baba ya sani?" Malama ta tambaya.

"Zai sani in ya ji sautin."

Ana gobe buɗe shago ya tara mawaƙansa. Tela shi ne jagora, don an yi masa alkawarin duk gari zai san muryarsa. Malama da Mai Gadi 'yan amshi. Nas ta sauko da kanta, ta ce tunda an hana ta barci gara ta zo ta ga ƙarshen abin. Aka ja katifar ƙofa aka rufe. Babu fanka, babu taga.

Furodusa ya ɗora yatsa kan akwati. "Ga tsarin. Baiti na farko, Tela zai ce 'Babu!' ku amsa da abin da babu: ciwon baya, kuɗin cizo, lotsawa. Baiti na biyu ya ce 'Akwai!' ku amsa: laushi, rangwame, garanti. Maƙwabci, bismilla."

Tela ya sa abin kunne, ya gyara murya. "Katifar Baba, katifar..." Ya tsaya. Ya juya ya harari Mai Gadi. Ya sake farawa. "Katifar Ba... Ba... Kai! Wa ke kwaikwayona?"

"Ni ko bakina ban buɗe ba," in ji Mai Gadi.

"Ina faɗa kana maimaitawa a bayana! Da girmanka!"

"Wallahi numfashi kawai nake, shi ma da ƙyar."

Abin da ke faruwa shi ne, muryar Tela sai ta shiga akwatin, ta zaga cikin kwamfuta, sannan ta dawo kunnensa a makare. Yana kan kalma ta biyu, ta farko ke isowa. Furodusa ya karɓi abin kunnen ya gwada.

"Ɗaya, biyu... biyu... Dakata in gama mana! Au, ni ne." Ya yi gyaran murya. "Wannan shi ake kira amsa-kuwwa. A manyan situdiyo sai ka biya ake sa maka. Mu kyauta ya zo."

"To a cire kyautar," in ji Tela. "Ina da aure da 'ya'ya, ban taɓa in'ina ba sai yau."

Furodusa ya shiga danne-danne, duk maɓallin da yatsansa ya samu. Can ya dace da wani ɗan ƙarami a gefe. Nan take murya ta fito garau, ba jinkiri.

"Na ce muku! Ilimi ne!"

Bai san cewa maɓallin nan murya yake ɗaukowa daga makirufo ya kai kunne kai tsaye ba, ba tare da ta bi ta kwamfuta ba. Daga lokacin, abin da kunne ke ji daban, abin da kwamfuta ke ɗauka daban.

Tela ya samu ƙwarin gwiwa, ya lumshe ido, ya matso har leɓensa ya taɓa makirufo.

"Katifar Baba mai lau... Wayyo Allah leɓena!"

Ya yi tsalle ya faɗa jikin katifa, katifa ta dawo da shi.

"Ya ja ni! Abin nan yana da wuta!"

"Ba wuta ba ce, ƙarfin muryarka ne ya dawo maka."

Nas ta kama haɓarsa ta duba. "Zai rayu. Amma in ya sake sumbatar abin nan, ba ruwana."

Furodusa ya tuɓe safarsa ɗaya ya zura wa makirufon. "Shi ke nan, an yi maganinsa."

Tela ya ja da baya. "A cikin safarka zan yi waƙa?"

"Wankakkiya ce."

"A wace shekarar?"

Sai da Malama ta kawo sabuwa daga ɗaki aka ci gaba. Zuwa lokacin gumi ya jiƙa kowa sharkaf. Aka yi gwaji ɗaya, Furodusa ya girgiza kai.

"Babu rai a ciki. In Tela ya ce 'Babu!' ko 'Akwai!' kowa ya buga ƙafa a ƙasa da ƙarfi. Ina so mai saye ya ji kalmar a ƙirjinsa."

Aka ɗauka. "Babu!" Dim! "Ciwon baya!" "Babu!" Dim! "Kuɗin cizo!" Duk bugun ƙafa sai tebur ya girgiza, wayar da ta haɗa akwatin da kwamfuta, wadda dama sakwa-sakwa take a raminta, ta motsa. Koriyar fitilar ta mutu, ta dawo.

"Maigida, fitilar nan tana ɗaukewa fa," in ji Malama.

"Ƙifta ido take yi. Daɗi take ji. Ku ci gaba!"

Daɗin ya kwashe shi shi ma. Tun ana fara ɗauka ya saki akwatin, ya miƙe yana kaɗa hannu biyu sama kamar mai ba motoci hanya. Tela na zuba murya, Nas ta manta da fushi tana rausaya, Malama na dariya tana amshi. Ana kai "Garanti!" na ƙarshe, Mai Gadi ya sulale a jikin katifa ya zauna daɓas, ido a juye. Katifar taga ta rabu da bango a hankali ta kwanta a kan Nas.

"A buɗe ƙofa!" muryarta ta fito daga ƙasa. "In na fito sai na kwantar da mutum a asibiti!"

Aka ja katifu, iska ta shigo, aka yayyafa wa Mai Gadi ruwa. Ya buɗe ido ya ce, "An sayi katifar?"

"To mu ji abin da aka ɗauka," in ji Malama.

"Me za a ji? Da kunnena na ji lokacin da ake yi. Ko ɗigo babu. Mai shakkar aikinsa shi ke sake saurare." Ya tura waƙar cikin filashi ya jefa a aljihu. "Yanzu ku kama mini katifun nan mu mayar kafin Baba ya je sito."

Haka aka yi ta saukar da katifu ta matakala, Tela na gaba yana riƙe da leɓe, Furodusa na baya yana ba da umarni.

Ranar buɗe shago wuri ya cika. An ɗaura balan-balan a ƙofa, an jera kujeru, an shimfiɗa katifa ɗaya a waje don masu son gwadawa. Wata mata mai jiki ta riga ta zauna a kai tana lilo. Baba ya sha sababbin kaya, abokan sana'arsa na zaune a layin gaba. Motar talla na gefe, lasifikanta kowanne ya kai ƙofar ɗaki girma.

Furodusa ya iso da baƙin tabarau. Ya karɓi makirufon mai gabatarwa ba tare da an miƙa masa ba.

"Jama'a, abin da za ku ji yanzu, a ɗakina aka haife shi. Wasu sai sun haɗa injuna cike da mota. Ni da akwati ɗaya kamar sabulu na gama. Duk mai neman furodusa, ina hawa na biyu. Direba, saki!"

Direban motar ya soka filashi ya danna.

Ƙugi ne ya fara fitowa, irin wanda ke sa haƙori kaɗawa, don tun da Furodusa ya saki akwatin ya koma kaɗa hannu, ƙudan zuman suka dawo. Mutane suka fara waige-waige suna kare fuska. Sai muryar Tela ta taso a kai, mai daɗi kuwa: "Katifar Baba, katifar Baba, zo ka ji abin da ke cikinta!"

Baba ya gyaɗa kai. Furodusa ya buɗe hannuwa.

Sai waƙar ta ɗauke ɗif, ta dawo da muryoyi huɗu cike da murna:

"Ciwon baya!"

Ɗif.

"Kuɗin cizo!"

Ɗif.

"Lotsawa!"

Duk inda aka buga ƙafa, akwatin ya mutu na ɗan lokaci, ya tafi da "Babu" gaba ɗaya.

Matar da ke kan katifa ta miƙe zumbur tana kakkaɓe zani. "Kuɗin cizo? Shi ya sa nake jin ƙaiƙayi!"

Wani daga layin gaba ya dafa kafaɗar Baba. "Kai, abokina, tun da nake kasuwa ban taɓa ganin mai gaskiya irinka ba."

Wuri ya kece da dariya. Tela ya ja hula ya rufe fuska. Malama ta nemi bayan wata katifa ta tsaya. Waƙar kuwa ta zagayo ta sake kama baitin farko, don sau biyu aka rera shi.

"Ba matsala!" Furodusa ya yi ihu a makirufo. "Salo ne! Ni zan cike!"

Ɗif. "Babu!" ya ƙwala. "Ciwon baya!" in ji lasifika.

Ɗif. "Babu!" "Kuɗin cizo!"

Ɗif. "Babu!" "Lotsawa!"

Aka fara tafi. Yaran unguwa suka kama masa, kowane giɓi su ma su ce "Babu!" Furodusa ya ji ya dawo kan doki. Ya cire tabarau ya cilla sama, ya hau kan katifar gwaji yana tsalle. Bai lura an shiga baiti na biyu ba, wanda shi ma akwatin ya cinye masa "Akwai."

Ɗif. "Babu!" "Laushi!"

Ɗif. "Babu!" "Rangwame!"

Baba ya miƙe tsaye. "Akwai! Wallahi akwai!"

Ɗif. "Babu!" in ji Furodusa da yara da rabin taron. "Garanti!"

"Akwai garanti! Ɗana, sauko! Ba ni abin nan!"

Baba ya kama makirufo ta ƙasa, Furodusa na riƙe da shi ta sama, ido rufe, yana jin kansa a sama. Lasifika na kwaso su duka biyun: tsoho na "Akwai!", suruki na "Babu!", ƙudan zuma na ƙugi a tsakani. Layin gaba suka rabu biyu, wasu na bin Baba, wasu na bin surukin, wani tsoho har ya faɗo daga kujera yana share hawaye. Nas ce ta taka ta je ta zare wayar lasifikan.

Furodusa ya buɗe ido ya ga fuskar Baba dab da tasa.

"Baba... ƙaramar matsala ce ta waya. In kun ba ni zuwa jibi..."

Baba bai ɗaga murya ba. Ya gyara hularsa da ta karkace. "Motar nan na riga na ɗauke ta haya har ƙarshen mako, kuma yau za ta fara zagaya gari. Babu lokacin wata waƙar. Ka ce kai za ka cike, ko?"

"Na... na faɗa, Baba."

"To hau baya. Babu a baitin farko, akwai a na biyu. Ni ina gaba kusa da direba, kunnena a buɗe."

Haka aka ga Furodusa a bayan motar talla, zaune kan kujerar roba tsakanin lasifika biyu, rana na dukansa, yana bin titi-titi yana cike giɓi. Kafin la'asar muryarsa ta koma kamar ta tsohon zakara. Mutane kuwa suka riƙa bin motar har shago, wasu don katifa, da yawa don su ga mutumin.

Da yamma cunkoso ya tsayar da motar daidai ƙofar gidansu. Tela ya fito bakin shago da almakashi a hannu, Mai Gadi ya miƙe daga benci, Malama da Nas suka leƙo ta baranda.

"Furodusa, ya aiki?" in ji Tela.

Mai Fenti ya kawar da makirufo daga baki, ya gyara zama, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Maƙwabci, kai ba ka gane ba. Wannan sabon salo ne, ni na fara shi a garin nan. Waƙar da ba ta tafiya sai da mai ita! Ka bari in huta, akwai wani akwatin da na gani, ya fi wannan arha ma, shi har..."

"Kuɗin cizo!" lasifika ya tsage unguwar, ba wanda ya ce "Babu" kafin nan.

Kan Baba ya fito ta tagar mota.

"Babu!" Mai Fenti ya yi kururuwa, ya rarumo makirufo da hannu biyu. "Babu, Baba! Wallahi babu!"